Lalle da Man Birki

Assalamu alaikum, mutanen wannan shafi. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in daina ja muku rai in faɗa ko dangin Kashim sun zo ganina ko ba su zo ba. Sun zo, 'yar'uwa. Amma kafin mu kai can, akwai maganar da na daɗe ina kewaye ta a rubutuna, kuma in ban faɗe ta yau ba, ba za ku gane abin da ya faru ranar Asabar ba.

Ni Bahijja da kuke karantawa, ni nake gyaran mashin a garejin Babana.

To, na faɗa. Mai dariya ta yi dariyarta.

Gidanmu yana nan Kazaure a gindin dutse, inda in an yi ruwa sai ya fara gaisawa da ƙofarmu kafin ya wuce cikin gari. Babana shi ne Malam Lawal mai birki. 'Yan acaɓa da masu adaidaita tun daga Roni har Gwiwa sun san rumfarsa, kuma duk wanda ya taɓa gangaro hanyoyinmu da buhu a bayan mashin ya san birki ba abin wasa ba ne a ƙasar nan. Bayan rasuwar Umma hawan jini ya kwantar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai hannunsa na dama bai tashi tare da shi ba. Da farko sai ya ɗauki kofin shayi ake ganin rawar. Daga baya noti ya fara kuɓuce masa, sufana ta fara zamewa. Mu kuwa mata ne zalla a gidan. Ni ce babba, kuma ni ce tun ina ƙarama nake tsugunne kusa da shi ina miƙa masa kayan aiki.

Sai muka yi wani tsari, ba tare da mun taɓa zama mun ce ga tsarin ba. Mai mashin zai kawo a rumfar ƙofar gida, Baba ya saurari ƙarar, ya taka nan ya latsa can, sannan ya ce, "A shiga da shi kango, ka dawo da yamma." Kangon yana bayan gidanmu, da ƙofar langa-langa. Da an rufe, sai in fito da tsohuwar rigar Baba a jikina. Shi yana kan benci yana faɗa, ni ina ƙasa ina yi. Da yamma mai mashin ya zo ya karɓa, ya tafi yana cewa hannun Malam Lawal bai san tsufa ba. Da wannan muke ci, da wannan ƙannena suke zuwa makaranta.

Wadda ba ta taɓa yafe mana wannan tsari ba ita ce Gwaggo Shatu, yayar Baba, da take aure a Yankwashi. Duk zuwan da za ta yi, kafin ta amsa gaisuwata sai ta kama hannuna ta juya shi kamar mai taya kaza a kasuwa.

"Dubi farce, don girman Allah. Wane namiji ne zai ci tuwon da aka tuƙa da wannan? Sa'o'inki suna goyon na biyu, ke kina goyon taya."

Ba zan ce ƙarya take yi gaba ɗaya ba. An taɓa samun wani da ya fito da gaske, har mahaifiyarsa ta zo. Na miƙa mata ruwa, ta dubi baƙin da ke gefen farcena, ta sha ruwanta, ta yi addu'a mai kyau, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Shi ya sa da Kashim ya fito, Gwaggo ta kafa doka: a ɓoye hannun nan har sai an shafa fatiha.

Kashim malamin dabbobi ne, mutumin Babura, asalinsu Barebari. Aikinsa bin rugage yana yi wa shanu allura, a kan wani dogon mashin na shiga daji da ofishinsu ya ba shi, mai tayoyi masu manyan haƙora, in ya hau sai ka ce raƙumi ya hau. A rumfar Baba ya fara ganina na kawo abinci. Tun daga ranar, duk zancen da zai zo ina fita da baƙar safar hannu, shi kuma ya ɗauka tsabar ustazanci ne. Har ya taɓa gaya min abin da ya fara burge shi ke nan. Na ce, "Allah sarki," na sunkuyar da kai, don in na ɗago dariya za ta ƙwace min. Ina son sa, ba zan yi muku kwana-kwana ba. Mutum ne da in ya ce zai zo bayan la'asar, bayan la'asar ɗin zai zo, ko da kashin shanu a takalminsa.

To, aka ce kakarsa, Hajja Kaka, wadda ita ta raine shi kuma ita ce mai yanke magana a gidansu, za ta zo ganina ranar Asabar. Safar hannu ba za ta yi aiki a gaban tsohuwa ba. Tun ranar Alhamis Gwaggo ta dira da jakarta da shirinta. An jiƙa hannuna a ruwan ɗumi da omo, an goge da lemon tsami, an kankare da tsinke har sai da na yi ƙwalla. Baƙin ya ce yana nan daram. Sai Gwaggo ta ce tunda ya ƙi fita, a binne shi. Safiyar Juma'a aka kira mai lalle, ta cika min yatsu da ja mai duhu har ya rufe farcen, ta zana fulawa a bayan hannu, aka ɗaure hannayen biyu a leda, aka zaunar da ni a ɗaki kamar kayan da ba a son rana ta taɓa.

Ina nan zaune sai na ji ƙarar mashin ɗin Kashim a ƙofar gida.

Ashe tiyon man birkinsa na baya ne ya tsage, ya sayo sabo ya kawo wa Baba ya sa masa. Abin da Baba ya saba faɗa shi ne a shiga da shi kango a dawo da yamma. Amma ga surukin gobe a tsaye, yana cewa, "Baba, ai ni zan taya ka, ba sai ka wahala kai kaɗai ba." Ga ni kuma a ɗaure. Da wane baki Baba zai ce ba zai iya ba? Suka shiga kango su biyu.

Bari in ɗan yi muku bayani, don na san yawancinku mashinan da kuka sani birkinsu na baya na sanda ne, ka taka ƙarfe ya ja ƙarfe. Na Kashim na mai ne, irin na mota da adaidaita. In ka taka, mai ne yake tafiya ta cikin tiyo ya je ya matse farantin taya. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa birkin yake cizo. Iska kuwa tana matsuwa. In aka canza tiyo dole iska ta shiga, kuma dole a fitar da ita tas, in ba haka ba ka taka ka ji kamar ka taka burodi. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya buɗe wani ɗan noti a jikin birkin, iskar ta fito tare da mai, ya yi maza ya rufe, sannan a saki. In aka saki kafin a rufe da kyau, iskar da ka kora ta dawo da 'yan'uwanta.

Tagar ɗakinmu tana kallon kango. Ina jin muryar Baba: "Taka. Riƙe." Sai na ji ƙarar sufana ta faɗi a kan dutse. Shiru. Sannan, "Saki."

Na yunƙura zan tashi, Gwaggo ta miƙe ƙafafunta a bakin ƙofa.

"Ina za ki?"

"Gwaggo, ruwa zan sha."

"Da wane hannun? Zauna, ni zan ba ki a baki."

Haka ta ɗura min ruwan da ba na so, ina ji sufana ta sake faɗuwa. Can na ji Kashim yana godiya, mashin ya tashi, ya tafi. Da Baba ya shigo na dube shi, ya kau da kai ya ce a ba shi buta. Na ce a raina wataƙila ya dace, ai shi ya koya min. Mutum in yana son kwanciyar hankali ba abin da ba zai gaya wa kansa ba.

Ranar Asabar aka tashi da ruwa, bai ɗauke ba sai da hantsi. Gwaggo ta sa an yi waina da miyar taushe, an dama kunun aya, an shimfiɗa sabuwar darduma a ɗakin Umma. Ni kuma aka sa min leshi ruwan zuma wanda tun da aka ɗinka ban taɓa sa shi ba, da mayafi mai duwatsu na 'yar Gwaggo, da awarwaro har gwiwar hannu. Lallen ya kama ƙwarai, wallahi ni kaina sai da na tsaya ina kallon hannun kamar na wata.

Bayan azahar suka iso a mota, Hajja Kaka da wasu mata biyu. Kashim ya rako su a mashin don ya nuna gida, ya tsaya a rumfa wurin Baba. Hajja Kaka 'yar ƙaramar tsohuwa ce cikin laffaya, da sanda, ƙamshin turaren wutarta ya riga ta shiga ɗaki. Ba ta da yawan magana. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta ce, "Matso nan, jikata." Ta tambaye ni inda na tsaya a karatu, ta tambayi ƙannena, ta yi wa Umma addu'a. Na zuba mata kunun aya, Gwaggo tana bin hannuna da ido tana murmushi kamar ita ta ƙera shi.

Sai wayata ta yi motsi a ƙarƙashin mayafi. Na faki ido na duba. Kashim ne.

"Yaya ake ciki? Ta tsorata ki?"

Na rubuta da yatsa ɗaya: "Da sauƙi. Kana nan?"

"Yanzu zan wuce. An kira ni wata ruga bayan Roni, maruƙa suna ta mutuwa. Can zan kwana."

"Birkin fa?"

Na ga alamar yana rubutu. Sannan:

"Na bayan kamar soso, sai na taka har ƙasa kuma ba ya kamawa. Amma don Allah kada ki gaya wa Baba, ya sha wahala jiya, kada ya ji ba daɗi. Zan lallaɓa da na gaba."

Na karanta, na sake karantawa. Kun ga irin mutumin da nake gaya muku. Yana rufa wa Babana asiri, bai san asirin ya fi haka girma ba.

Na san hanyar bayan Roni, don mashinan da suke bin ta a hannuna suke ƙarewa. Gangara ce a kan tsakuwa da fallen dutse, yau kuma ga ruwa. Wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai a irin wannan wuri, tayar gaba za ta zame, shi da akwatin allurarsa sai dai a tsince su a ƙasa. Na dubi Gwaggo, na dubi Hajja Kaka, na dubi hannuna. Na san in na fita, abin da ya faru da manemina na farko zai iya faruwa da wannan, kuma wannan karon ba zan iya cewa ban damu ba. Na ji ana taka mashin a waje.

Na rubuta: "Kada ka tafi. Shiga da shi kango."

Na miƙe. Gwaggo ta ce, "Bahijja, baƙi fa?" da muryar nan mai zuma a sama, barkono a ƙasa.

"Yanzu zan dawo, Gwaggo."

Ta kamo gefen leshina ta murɗe min cinya ta inda ba a gani. Na ce wa Hajja Kaka ta yi min afuwa, na zare jikina na fita.

Na tarar da Kashim a kango riƙe da mashin, yana waige-waige. Da ya gan ni sai ya washe baki, ya ɗauka zance na kira shi.

"Kai, yau kam an ga hannu. Ashe abin da ake ɓoye min ke nan?"

"Kafe shi a nan, inda ƙasa ta daidaita."

Na tuɓe awarwaron na zube a kan benci, na ɗaure mayafin a ƙugu, na jawo akwatin kayan aiki daga ƙarƙashin buhu. Na ɗauko sufana lamba takwas, da siririn tiyon nan na ƙarin ruwa da muke samu a kemis, da tsohuwar gorar ruwa, da gwangwanin man birki. Murmushinsa ya fara raguwa.

"Bahijja, me za ki yi? Bari in kira Baba."

"Tsaya ta dama. Sa ƙafarka a kan birkin."

Na buɗe ɗan kofin man da ke gefen mashin, na ga ya yi ƙasa, na cika shi. Na tsugunna a laka da leshina, na share bakin notin, na cusa masa tiyon, ɗaya bakin na jefa a gora.

"Taka a hankali, ba kamar kana tayar da inji ba. Taka. Taka. Taka. Riƙe."

Na murɗa notin kaɗan. Mai ya biyo tiyon fari fat da kumfa, birkin ya nutse ƙarƙashin ƙafarsa. Shi kuwa bawan Allah, da ya ji ƙarfe ya tafi ƙasa, ga mamakin da yake ciki, sai ya ɗage ƙafa. Ina kallo kumfar da ta fito ta juya ta koma ciki.

"Wa ya ce ka saki? Na ce ka riƙe! Kurma ne kai?"

Sai da maganar ta fita na tuna da wa nake yi. Wata da watanni ina yi masa muryar zance, 'yar siririya kamar ta mai mura, yau ga muryar gareji ta fito gaba ɗayanta. Ya zaro ido, ya mayar da ƙafarsa da sauri.

"Tuba nake, ranki ya daɗe."

Muka sake. Ban ji shigowar Baba ba, sai dai na ji benci ya yi ƙara. Ban ɗago ba. Da Kashim ya taka na uku, sai muryar Baba ta karɓe daga bakina, yadda muka saba kullum.

"Riƙe. Buɗe, Bahijja. Rufe. Saki."

Muka yi ta yi. Kumfar ta ragu, ta koma 'yan ƙanana kamar ƙwayar gero, amma birkin bai yi tauri ba. Baba ya ce, "Akwai wadda ta maƙale a sama, inda tiyon ya lanƙwasa. Ƙwanƙwasa mata." Na bi tiyon da gindin sufana ina bugawa a hankali tun daga sama har ƙasa. Da na sake buɗewa sai ga wata ƙatuwa ta taho, doguwa, ta wuce cikin gora. Kashim ya ce, "Allahu akbar," kamar ya ga an haifi ɗan maraƙi.

"Duba kofi," in ji Baba. "Kada ya ƙafe, mu koma farko."

Hannuna ɗaya yana kan sufana, ɗaya yana riƙe da tiyo. Sai Baba ya tashi ya ɗauki gwangwanin da kansa. Na so in ce ya bari, ban ce ba. Ya kai bakin gwangwanin kan ɗan kofin, hannun ya fara abin da ya saba. Man ya zuba a jikin mashin, ya zuba a ƙasa, ya zubo min a kafaɗa ya bi hannun leshin har wuyan hannuna. Ko ɗigo bai shiga kofin ba. Baba ya tsaya da gwangwanin yana kaɗawa a hannunsa, kowa yana jin ƙarar man a ciki.

Na ce kowa, don a lokacin ne na lura ba mu kaɗai ba ne. Hajja Kaka tana tsaye a ƙofar da ta haɗa gida da kango, ta dogara da sandarta, matan nan biyu a bayanta, Gwaggo a gefe ta dafe ƙirji. Ban san tun yaushe suke wurin ba.

Gwaggo ce ta fara samun baki.

"Hajja, ai yarinyar akwai tausayin uba. Ɗan miƙa masa kaya take yi in ya rasa yaro, ba wai ta iya ba ne, wasa ne irin na..."

"Yaya Shatu, bari," in ji Baba.

Ya ajiye gwangwanin a ƙasa da hannu biyu. Ya gyara hularsa, ya fuskanci tsohuwar.

"Hajja, gara ku ji daga bakina. Tun da na yi ciwo ban ƙara ɗaure noti ya ɗauru ba. Duk mashin ɗin da ya fita daga gidan nan, ita ta gyara shi. Jiya na karɓi na yaron nan don kunya, na kuwa kusa sa shi a hanya da birkin da ba ya kamawa. Laifina ne, ba nata ba."

Ban taɓa jin Baba ya faɗi wannan ba, ko a tsakaninmu. Tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, sai na mayar da shi kan aikin. Na cika kofin da kaina, na ce wa Kashim ya taka. Mai ya fito garau, babu kumfa ko ɗaya. Na ɗaure notin, na zare tiyon, na rufe kofin, na wanke inda man ya zuba da ruwa don kada ya ci fenti.

"Gwada."

Ya taka. Birkin ya tsaya a sama, da tauri kamar dutse. Ya tayar da mashin ya zagaya kangon, ya taka, tayar baya ta kafe ta ja layi a laka. Ya kashe, ya zauna a kai yana kallona. Na kasa gane ko kallon me yake yi min.

Hajja Kaka ta ce, "Zo nan, jikata."

Na je. Ta kama hannuna ta juya shi, yadda Gwaggo take yi. Fulawar tana nan, amma baƙin mai ya hau kanta, gefen farcen ya koma gidan jiya. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta saki, ta ce wa Gwaggo, "A ba ta ruwa ta wanke, wainarku tana hucewa." Suka koma ciki, suka ci, suka yi sallama da fara'ar da ba za ka iya karanta komai a cikinta ba. Kashim ya riga ya wuce Roni, inda ba a samun waya.

Abin da Gwaggo ta yi min bayan tafiyarsu ba zai rubutu ba. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce na kashe aurena da hannuna, ta ce leshin ma ya tafi a banza. Ta juya kan Baba ta ce shi ya lalata ni. Ni kuwa na riga na sallama. Na ce in Kashim ya sauka lafiya, ya ishe ni, ko da ba zai sake tako ƙofarmu ba. Ƙarya nake yi, bai ishe ni ba, amma abin da na riƙa gaya wa kaina ke nan.

Sai jiya Lahadi bayan la'asar saƙonsa ya shigo, ina tsakar gida ina tsince shinkafa.

"Na fito lafiya. Akwai inda tayar gaba ta zame min a gangara, na bayan ne ya tsayar da ni. Ban san yadda zan gode miki ba."

Kafin in amsa wani ya biyo.

"Na biya ta wurin Hajja Kaka. Ta ce ita mace mai sana'a a hannu take nema min tun farko, ba mai zaman jiran a kawo ba. Ta ce a sa rana bayan an kawar da amfanin gona. Har ta ce akwai shagonta a bakin hanya nan Babura, in kin tare ki buɗe, ba sai kin ɓuya a kango ba. In ce su turo magabata?"

Na karanta wa Gwaggo. Matar da ranar Asabar ta ce na kashe aurena ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo, ta ce dama ita ta san hannun nan hannun arziki ne. Na yi dariya, na yi hawaye, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Sai da na ɗauki wayar na nufi rumfa don in gaya wa Baba, a tsakiyar zaure, kalmar ta dawo min. Babura. Duk tsawon lokacin nan tsorona kada su ƙi ni ne. Ban taɓa zama na yi tunanin abin da zai faru in sun karɓe ni ba.

Baba ya saurara har na gama. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Mutanen kirki ne. Ki ce su turo."

"Baba, garejin fa?"

"Garejin nawa ne ko naki?"

"Amma Baba, wa zai..."

"Na ce ki ce su turo."

Na koma ɗaki na zauna a bakin katifa da wayar a hannu. Na rubuta "to", na goge. Ina nan sai na ji ƙofar langa-langa ta yi ƙara, alhali ba mashin ɗin kowa a kango. Na leƙa ta taga.

Baba ne a tsugunne a ƙasa, inda nake tsugunawa. Ya jawo wani tsohon kan birki da muka daɗe da jefarwa, ya matse shi tsakanin gwiwoyinsa, yana ƙoƙarin sa sufana a kan ɗan notin da hannun hagu. Ta zame. Ya ɗauka. Ya tallafe hagun da daman, daman ya kaɗa su duka biyun, ta sake faɗuwa. Ya sake ɗauka.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsaya a bayansa, na miƙa hannu zan karɓa. Wayar ta fara ruri a ɗaya hannun, sunan Kashim a kai. Baba bai waigo ba, ya dai janye sufanar daga inda zan kai.

"Amsa wayarki, Bahijja," ya ce. "Ki bar ni in koya."